Yadda Ake Karanta Ƙarfin Siginar Bluetooth a Manhajar Flutter

Lambar da ake nema a manhajar da aka gina da Flutter (kayan aikin gina manhajojin waya) ita ce RSSI, wato ƙarfin siginar da ta iso wayarka, wadda ake aunawa da ma'aunin dBm, kuma kusan kullum ƙasa da sifili take. Na'urar da ke nuna -45 tana dab da kai, wadda ke nuna -90 kuwa ta kusa ɓacewa. Masu koyo da yawa suna jera na'urori a juye saboda sun manta cewa -45 ta fi -90 girma.

Da farko ka saka kunshin flutter_blue_plus, sannan ka tanadi wayoyi biyu na gaske, Android da iPhone, domin wayar kwaikwayo ta iOS da ke kan kwamfuta ba ta ganin Bluetooth. Ba sai ka sayi na'urar gwaji ba. Agogon hannu mai Bluetooth ya wadatar, ko wata waya da aka sa ta riƙa shelar kanta, wato ta riƙa aika saƙon Bluetooth da ke sanar da cewa tana nan.

Sai batun izini. Daga Android 12 zuwa sama ana buƙatar BLUETOOTH_SCAN da BLUETOOTH_CONNECT, a tsofaffin wayoyi kuwa sai an ba da izinin sanin wuri, kuma sau da yawa sai an kunna sanin wurin a wayar kafin a ga ko da na'ura ɗaya. A iOS 13 zuwa sama, idan babu NSBluetoothAlwaysUsageDescription a cikin Info.plist, wato fayil ɗin saitin manhajar, manhajar rufewa za ta yi nan take.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wurin lalube, wato neman na'urorin da ke kusa. Mutum zai kira startScan, ya ga na'ura ta fito da -62, ya tashi ya tafi ƙarshen ɗaki, lambar na nan daram. Dalili shi ne, ana tace shelar da ta maimaita kanta, don haka abin da ke kan allo karatun farko ne kawai. Maganin shi ne ka sa continuousUpdates ya zama true a cikin startScan. Kada ka bi hanyar tsayar da lalube kana sake kunnawa a kai a kai, domin Android tana daina ba da sakamako idan aka fara lalube fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 30, kuma ba za ka ga wani gargaɗi a kan allo ba.

Da zarar lambobi sun fara zuwa, za ka ga suna tsalle ko da wayar na ajiye a kan tebur. Wannan ba lalacewa ba ce: na'urar tana shela a tashoshi uku, wato 37 da 38 da 39, kuma bango da jikin mutum suna shanye siginar 2.4 GHz, har riƙe waya da tafin hannu kan sauya karatun. Ka ajiye karatu goma na baya-bayan nan, ka jera su, ka ɗauki ɗaya daga cikin biyun da ke tsakiya. Wannan ya fi haɗawa a raba, domin karatu ɗaya da ya kauce ba zai ja sauran ba. Kafin haka ka zubar da duk karatun 127 da iPhone ta bayar, ma'anarsa babu karatu.

Kada ka nuna wa mai amfani nisa a mitoci. “Kusa”, “tsaka-tsaki” da “nesa” sun isa, kuma ka gwada iyakokinsu a kowace waya daban tunda eriyoyinsu ba ɗaya ba ne. Haka kuma iPhone ba ta bayyana adireshin MAC, wato lambar shaidar na'ura, lambar kanta take ba kowace na'ura, saboda haka ka gane na'urori ta sunansu ko bayanan da ke cikin shelarsu.