Yadda ake fai ɗin cakulan mai citta don Sallah da Kirsimeti

Uwargida, idan kin iya mitfai, kin riga kin iya rabin wannan aikin. Kwaɓin kusan ɗaya ne, naɗin ɗaya ne, gashin ma haka. Abin da ya bambanta su shi ne a nan cakulan ake zubawa a ciki maimakon nama da dankali, sannan ana ɗan ƙara wa fulawar sukari. Na fara yin sa ne saboda duk gidan da yara suka shiga yawon Sallah cincin ne da kek da dubulan, har ya zama suna karɓa su zuba a leda ba tare da sun ɗanɗana ba. Ranar da na fito da wannan fai ɗin, a tsaye suka cinye shi. Tun daga nan nake yin sa sau uku a shekara: ƙaramar Sallah, babbar Sallah, sai kuma Kirsimeti, lokacin da nake haye gadar kogin Kaduna in kai wa wata tsohuwar abokiyar aikina a Sabon Tasha, wadda ita ma ba ta taɓa fashin aiko mana da shinkafar bikinsu ba.

Abu ɗaya nake so ki riƙe tun daga farko: wannan fai ɗin sanyi yake so. Bota mai sanyi, ruwa mai sanyi, kwaɓi mai sanyi, cakulan mai sanyi. Wuta ba ta da hurumi a cikinsa sai wajen dafa cakulan da wajen gashi.

Abin da za ki tanada

Na kwaɓin: fulawa gram 500, wato kusan gwangwanin madara shida a shafe, bota gram 250, sukari cokalin cin abinci huɗu, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya, gishiri rabin ƙaramin cokali, ƙwai ɗaya, sai ruwa mai sanyi cokali shida zuwa takwas. Ki ajiye wani ƙwai ɗaya a gefe don shafawa a sama.

Na cikin kuwa: madarar ruwa gwangwani ɗaya da ruwa rabin gwangwanin; hodar koko cokali biyar; sukari cokali shida; sitacin masara, wanda masu shago ke kira kwanfulawa, cokali biyu a cike; bota cokali ɗaya; garin citta rabin ƙaramin cokali; ɗan gishiri; filebon banila idan kina so; da soyayyiyar gyaɗa rabin gwangwani. Wannan awon zai ba ki fai wajen 24.

Duk waɗannan za ki same su a layin masu kayan kek na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko a Kasuwar Bacci idan ta fi miki kusa. Sai dai ki kula da bakinki wajen tambaya. Idan kika ce garin koko, ana iya nuna miki masu gero. Ki ce hodar koko ta yin kek, wadda ba a sa mata sukari ba. Ki buɗe ki shinshina kafin ki biya: mai kyau tana da launin ƙasa mai duhu da ƙamshi mai ƙarfi, kuma idan kika lasa za ki ji ɗaci. Ɗacin nan shi ake nema. Mutane da yawa suna tambaya ta ko Milo ko Bournvita za su yi. Za su yi, amma ba za su kai ba, don an riga an haɗa su da sukari da madara da sauransu, kokon da ke ciki bai da yawa. Idan su ke gare ki, ki zuba cokali takwas ki rage sukarin cikin zuwa cokali biyu, ki kuma sani launin zai fito da haske.

Cittar kuwa kada ki bar ta. Koko daga kudu yake zuwa mana, daga gonakin Ondo da Osun da Kuros Riba, amma citta tamu ce, ta Kachia da Jaba da Kagarko, kuma tana da yaji da ƙamshin da ya sa ake fitar da ita har ƙasashen waje. Rabin ƙaramin cokali ba zai sa fai ɗin ya yi yaji ba. Abin da yake yi shi ne ya kashe gundurar zaƙi, ya bar ɗan ɗumi a maƙogwaro bayan an haɗiye. Ki daka busasshiya da kanki ki tankaɗe, ta fi wadda ta daɗe a ƙulle a leda.

Ki fara da cakulan ɗin

Shi ake fara yi domin ya samu lokacin hucewa. Ki tankaɗe hodar koko da sitacin masara da citta a cikin ƙaramar tukunya, ki zuba sukari da gishiri, ki gauraya su a bushe. Sai ki zuba madarar kaɗan-kaɗan kina damawa, tukunyar tana ƙasa ba a kan wuta ba, har sai babu gudaji ko ɗaya. Ki ƙara ruwan. Yanzu ki ɗora a wuta 'yar kaɗan, kina juyawa da muciya ko cokalin katako ba tare da tsayawa ba, kina kai wa har gindin tukunyar da gefe-gefenta, domin koko yana saurin kamawa, kuma idan ya ƙone ɗacinsa ba ya gyaruwa.

Minti huɗu ko biyar na farko za ki ga kamar ba abin da ke faruwa. Sai kawai ya fara kauri lokaci guda. Ki ci gaba da juyawa minti ɗaya bayan ya fara ɓulɓulowa, don sitacin ya dahu sosai. Kaurin da ake so ya wuce na kunu, bai kai na tuwo ba: idan kika ja cokali a tsakiya, hanyar za ta tsaya a buɗe na ɗan lokaci. Ki sauke, ki sa bota da filebo, ki zuba gyaɗar da kika murje ɓawonta kika ɗan daddaka, ba lukui ba, yadda haƙori zai same ta. Ki juye a faranti mai faɗi, ki shimfiɗa leda mai tsabta a kan fuskarsa don kada ya yi fata, ki bar shi ya huce sarai.

A karon farko da na yi, gaggawa ta sa na zuba shi da ɗuminsa. Botar kwaɓin ta narke tun kafin in naɗe, bakin ya ƙi kamawa, rabin cakulan ɗin ya tsiyaye a farantin gashi. Fulawa da botar da suka tafi a ranar sun ba ni takaici ƙwarai, shi ya sa nake nanata wannan maganar.

Kwaɓin

Ki tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri a babbar roba, ki zuba sukari. Ki yanka botar ƙanana-ƙanana a ciki, ki riƙa murza ta da fulawar da kan yatsunki, ba da tafin hannu ba, don tafin hannu ya fi zafi. Ki riƙa ɗagowa kina sakewa har sai ya yi washar-washar kamar dambu. Idan kin ga 'yan ƙananan dunƙulen bota nan da can, ki ƙyale su. Su ne za su narke a cikin obin su bar ƙananan ramuka, abin da ke sa fai ya yi rugu-rugu a baki ke nan.

Ki fasa ƙwai ɗaya ki kaɗa, ki zuba, sannan ki fara sa ruwan sanyin cokali-cokali kina tattarowa. Da zarar ya haɗu ya zama dunƙule ɗaya, ki tsaya, ko da ruwan bai ƙare ba. Kada ki buga shi, kada ki yi ta luda shi kamar kwaɓin burodi ko fanke. Yawan luda fulawa da ruwa yana tayar da danƙonta, danƙon nan kuwa a burodi ake son sa, a fai tauri yake kawowa. Ki raba gida biyu, ki danne kowanne ya yi faɗi, ki naɗe a leda ki sa a firij na minti 30.

A nan ne lokacin bikin yake shigowa. Kirsimeti kullum cikin hunturu yake faɗowa, kuma da sanyin safiyar Disamba a Kaduna kina iya ajiye kwaɓin a rufe a inuwa ya huta lafiya lau. Sallah kuwa tana matsowa baya da wajen kwana 11 kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah tana zuwa ne a watan Maris ko Afrilu, tsakiyar bazara. Bota tana narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, ɗakin girki da rana a wannan lokacin yakan wuce haka. Don haka ki yi kwaɓinki bayan sallar asuba ko bayan isha'i. Idan an ɗauke wuta, ki sayi ƙanƙara ki zuba a roba, ki ɗora kwanon silba a kai, ki sa kwaɓin a ciki ki rufe. Ko ruwan randa mai sanyi ya fi babu.

Murzawa da naɗi

Ki fito da rabi ɗaya, ɗayan ya zauna a sanyi. Ki barbaɗa fulawa kaɗan a kan tebur, ki murza da abin murzawa ko kwalba mai tsabta, daga tsakiya zuwa waje, kina juya kwaɓin don kada ya manne. Kaurin ya zama kamar milimita 3, ya ɗan fi na mitfai siranta. Ki kifa bakin kofi mai faɗin santimita 9 ko 10 ki yanka da'ira-da'ira.

A tsakiyar kowace da'ira ki sa cakulan ƙaramin cokali ɗaya a cike. Zuciya za ta ce ki ƙara. Kada ki ƙara, don yana kumbura idan ya ji wuta. Ki tsoma yatsa a ruwa ki shafa a gefen, ki ninke biyu, ki danne bakin da yatsa tukuna sannan ki bi da cokali mai yatsu. Idan na Sallah ne, nakan ɗan lanƙwaso ƙarshen biyu ya yi siffar jinjirin wata. Na Kirsimeti kuwa nakan yanka ƙananan taurari daga ragowar kwaɓin in manna a sama da ruwan ƙwai. Ki huda kowanne sau ɗaya da cokali mai yatsu don tururi ya samu mafita, in ba haka ba zai fasa bakin ya fita da cakulan ɗin. Wannan sashen ne ya dace ki sa yara a ciki, su yi danne baki da manna taurari, ke ki riƙe awon cakulan.

Ki jera su a farantin gashi da kika shafa wa bota, da ɗan tazara a tsakani. Idan kin ji sun yi laushi a hannu, ki mayar da farantin firij na minti 10. Sannan ki kaɗa ƙwan da kika ajiye da madara cokali ɗaya, ki shafa a sama da burushi.

Gashi

Ki kunna obin minti 15 kafin ki sa, a kan digiri 180. Kwaɓi mai sanyi a cikin obin mai zafi shi ne ke ba da fai mai kyau; idan kika sa shi obin bai yi zafi ba, botar za ta tsiyaye kafin fulawar ta kama. Minti 20 zuwa 25 sun isa. Ki duba ƙasan guda ɗaya: idan ya yi ruwan zuma kamar saman, ya yi.

Wadda ba ta da obin ba ta rasa komai ba, ni ma da tukunya na fara. Ki samu babbar tukunya mai kauri, ki zuba wankakken yashi busasshe kaurin yatsa uku a ciki, ki kafa gwangwanayen madara uku da aka cire musu takarda, ki rufe ki bar ta a wuta minti 15. Sai ki ɗora farantin a kan gwangwanayen yadda ba zai taɓa yashin ba, ki rufe, ki rage wutar zuwa matsakaiciya. Idan da gawayi kike aiki, ki ɗebi garwashi kaɗan ki zuba a kan murfin, shi zai sa saman ya yi ja. A tukunya yakan ɗauki minti 30 zuwa 35, kuma kada ki buɗe kafin minti 20, don kowace buɗewa zafi ne ke tafiya.

Idan sun fito, ki bar su minti biyar a farantin kafin ki kwashe, domin da zafinsu suna da saurin karyewa, cakulan ɗin ciki kuma yana ƙona harshe. Bayan sun huce ki niƙa sukari ya yi laushi, ki barbaɗa ta rariya.

Tunda akwai madara a ciki, ba irin cincin ba ne da zai yi wata a bokiti. Cikin hunturu yana kwana biyu a mazubi mai murfi. Cikin bazara kuwa ki sa a firij, ki ɗan ɗumama a obin ko tukunya minti biyar kafin a ci. Abin da na fi yi shi ne in dafa cakulan in yi kwaɓin ranar jajibere in bar su a sanyi, in tashi da asuba in naɗe in gasa kafin a sauko daga Idi. Idan rabo za ki aika wa maƙwabta ko 'yan uwa a wata unguwa, kada ki rufe kwano sai sun huce gaba ɗaya, don gumi zai jiƙa su. Ki shimfiɗa takarda tsakanin jeri da jeri, kada ya wuce hawa biyu, ki kuma gaya wa ɗan aiken ya riƙe kwanon a cinya idan ya hau keke.