Yadda ake cike akwatin Punnett ba tare da ka zubar da maki ba

Tambayar gado a bayoloji kusan kyautar maki ce a WAEC da NECO, amma ita ce yaran SS3 suke zubarwa a banza, kuma abin haushin ba wai ba su gane darasin ba ne, wuri ɗaya ne tak suke tuntuɓe. Zan yi misalin da sikila ne saboda ita muka sani a gidajenmu, waken Mendel mai tsawo da gajere ya jira tukuna.

Da farko ka rubuta iyayen a fili, uba AS, uwa AS (A ƙwayar gado mai lafiya ce, S ta sikila), ka sa alamar sau a tsakaninsu. Kar ka ce ai kana riƙe da su a ka. Mai duba takarda ba ya ba da maki kan abin da ke cikin kanka, layin nan na iyaye shi ma yana da makinsa. Ni dai in na zo zana akwatin Punnett, wato akwatin da ake haɗa haruffan iyaye a ciki, uba a sama nake sawa, uwa a gefen hagu, kuma haka nake so kowa ya yi ko da yaushe don hannu ya saba.

To yanzu ga inda ake faɗuwa. Kafin ka zana akwati sai ka fitar da ƙwayoyin haihuwa, wato abin da maniyyin uba zai ɗauka da abin da ƙwan uwa zai ɗauka. Yara da yawa sai ka ga sun kwashi AS ɗin gaba ɗaya sun ɗora a saman akwati, su sake ɗora wani AS ɗin a gefe, sai jariri ya fito da harafi huɗu, ASAS, wallahi duk lokacin da na ga wannan sai raina ya ɓaci don na san daga nan komai ya rushe. Ka tuna mutum yana da kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, guda 46, biyu-biyu suke, kashi 23. Lokacin da jiki zai yi maniyyi ko ƙwai sai ya raba su gida biyu, kowanne ya tafi da 23 kacal, rabuwar da ake kira mayosis ke nan. Ƙwayar gadon da ke kula da sashen himogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini) da sikila ke shafa tana kan kuromozom na 11, kuma mutum yana da guda biyu, ɗaya daga babansa ɗaya daga mamansa. Mai AS ɗaya na ɗauke da A ɗayan na ɗauke da S, kuma idan aka zo rabuwa ba za su shiga maniyyi ɗaya tare ba, ko A ya shiga ko S. Saboda haka ƙwayar haihuwa harafi ɗaya take ɗauka, ɗaya tak. Ka rubuta A ka zagaye shi da da'ira, ka rubuta S ka zagaye shi daban, ka yi wa uba ka yi wa uwa. Da'irar nan kar ka raina ta, ita ce za ta hana hannunka haɗe su.

In mutum SS ne ko AA fa? Duk ƙwayoyinsa iri ɗaya ne, amma dai ka rubuta sau biyu, S da S, don akwatin ya cika.

Sai ka zana akwati mai ɗaki huɗu da rula da fensir, ba sai ka sayi wani abu mai tsada ba, rular naira kaɗan ta isa, ko gefen katin jarabawarka ma zai yi. A da S na uba a sama, A da S na uwa a gefe. Kowane ɗaki ya ɗauki harafi ɗaya daga sama ɗaya daga gefe. Za ka samu AA, AS, AS, SS. Kullum A ne a gaba, kar ka rubuta SA, abu ɗaya ne amma yana rikita ƙirga.

Amsa ke nan 1 AA, 2 AS, 1 SS, wato kashi 25 cikin 100 na SS. Amma a nan ma akwai rami. Wannan ba ya nufin in sun haifi 'ya'ya huɗu dole ɗaya ne kawai zai zo da sikila. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, kamar jefa kwabo sama ne, abin da ya faɗo ɗazu ba ruwansa da na yanzu. Ana iya samun SS uku a jere, ana iya samun huɗu babu ko ɗaya, kuma in ka ninka uku bisa huɗu har sau huɗu za ka ga yiwuwar duk huɗun su tsira 81 ce bisa 256, bai ma kai kashi 32 cikin 100 ba. Na damu da wannan ne don manya ma suna cewa "ai an riga an haifi mai sikilar, sauran lafiya", kuma da wannan lissafin ake ci gaba da haihuwa. A takardar jarabawa ka rubuta yiwuwa ce ga kowane ɗa.

Sauran duk hanya ɗaya ce. AA da SS duk 'ya'yan AS ne. AS da SS rabi AS rabi SS. AS da AC (C wani nau'in himogulobin ne daban) suna ba da AA, AC, AS da SC, kuma SC ɗin ma nau'in ciwon sikila ne, kar ka tsallake shi. Waken Mendel Tt da Tt (T na tsawo, t na gajarta) jinotaif, wato haruffan gadon, 1:2:1, amma a ido uku dogaye ɗaya gajere saboda T yana danne t, ka karanta tambayar da kyau ka ga wanne aka nema. Rukunin jini kuma A da B suna danne O, shi ya sa uba mai AO da uwa mai BO za su iya haifar A, B, AB ko O, gwada shi a akwati yanzu ka gani.