Yadda alƙalin wasan sofbol zai yanke hukunci idan mai gudu da mai tsaron fili suka yi karo

A sofbol, wasan da ake buga ƙwallo da sanda sannan a gudu daga zango zuwa zango (wuraren tsayawa huɗu na filin), tazarar ƙafa 60 ce kacal tsakanin zango da zango a nau'in jifa mai sauri, don haka karo ba ya wuya. Da zarar mutum biyu sun zube a ƙasa, ƙura ta tashi, masu horarwa sun fara ihu, ido yakan tafi kan wanda ya fi jin jiki. Kada ka bi wannan. Abin da za ka fara tambayar kanka shi ne: ina ƙwallon take a daidai lokacin?

Mataki na farko, duba ko ƙwallon da aka bugo da sanda ce mai tsaro yake ƙoƙarin kamawa. In haka ne, hanya tasa ce, mai gudu ne zai kauce. Idan ya bangaje shi ko ya hana shi kamawa, ɗaga hannu biyu sama ka tsayar da wasa nan take. Mai gudun ya fita (wato damarsa ta wannan karon ta ƙare, ba korarsa daga wasan aka yi ba), sauran su koma zangon da suka taɓa na ƙarshe.

Na biyu ya fi bukatar natsuwa. Mai tsaro ba ya riƙe da ƙwallo, ba kuma bugaggiya yake bi ba, amma ya tsaya a gaban mai gudu. Wannan tare hanya ne, ko da jiki bai taɓa jiki ba. Ya isa mai gudu ya rage sauri ko ya yi kwana saboda shi. Haka ma mai tsaron da ya kai safar hannu kamar zai taɓa mai gudu alhali babu komai a cikinta. A nan kada ka tsayar da wasa. Miƙa hannun hagu gefe, ka furta laifin a ji, ka bar wasa ya ci gaba. Tun a lokacin ka ƙudurta a ranka zangon da zai kai da ba a tare shi ba. In an taɓa shi da ƙwallo kafin ya isa can, sai ka tsayar da wasa ka ba shi zangon. In kuwa ya wuce nan, ya kuma wuce zangunan biyu da aka tare shi a tsakaninsu, don ganin damarsa aka taɓa shi, ya fita. Sabbin alƙalai a nan suka fi tuntuɓe, domin sukan jira wasa ya ƙare sannan su fara lissafi, alhali hoton ya riga ya dushe.

Na uku, mai tsaro na riƙe da ƙwallo yana jira, galibi a bakin gida, wato zangon ƙarshe da ake cin maki. Mai gudu yana iya sulalewa a ƙasa, ko ya zagaya, ko ya koma baya. Idan ya taho a tsaye ya afka masa, ya fita ko da ƙwallon ta suɓuce. In ka ga ya sunkuyar da kafaɗa da gangan, ka kore shi daga wasan, kuma ni ba na jinkiri a kan wannan, domin lafiyar mutum ce.

Kafin wasan farko, karanta littafin dokokin gasar, saboda hukumar duniya ta WBSC da hukumar Amurka ta USA Softball da makarantun Amurka suna da 'yan bambance-bambance, musamman kan mai tsaron da jifa mara saiti ta jawo shi cikin hanyar mai gudu.