Yadda Ake Koyon Ginin Tukwane da Hannu a Zariya

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira 20 ya ga hoton Ladi Kwali, wadda ta ƙware a ginin tukwane da hannu tun kafin ta shiga cibiyar koyar da sana'ar a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954. Hanyar da ta tashi da ita ba ta buƙatar injin juya tukunya, kuma ita ce ta fi dacewa da mai farawa a Zariya, ko a gaban maginan gargajiya zai zauna, ko kuwa zai shiga zauren koyo na unguwa inda ake tarayya a yumɓu da kayan aiki da wutar gashi. Da yake ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, samun malamin da ya san aikin ba ya wuya a garin.

Aikin farko shi ne gyaran yumɓu. A jiƙa shi ya kwana, a tace tsakuwa da saiwoyi, sannan a daka tsingaron tsohuwar tukunya a zuba kamar kashi ɗaya cikin huɗu, domin shi ne ke rage tsagewa wajen bushewa da gashi. A kwaɓa sosai har iskar da ke ciki ta fita. Kafin a fara gini, mai koyo ya murza ɗan yumɓu ya yi kaurin fensir, ya naɗa shi a yatsa. Idan ya lanƙwashe lafiya yumɓun ya yi, idan kuwa ya karye to yashi ko tsingaro ya yi yawa.

A makon farko kada a wuce ƙaramin kasko. A mulmula yumɓu kamar girman lemo, a soka babban yatsa a tsakiya, a riƙa matsawa ana juyawa har jikinsa ya yi kauri ɗaya ko'ina. Mutane da yawa suna raina wannan darasi saboda gaggawar gina tulu ko randa, alhali a nan ne yatsu ke koyon auna kauri ba tare da ido ya gani ba, kuma a ganina mafi yawan kayan da ke fashewa daga baya rashin wannan awon ne ya jawo musu.

Bayan haka sai ginin murji. A murza yumɓu dogo kamar igiya, a ɗora shi zagaye a kan gindi, a shafe mahaɗar ciki da waje, hannu ɗaya yana tallafe da jikin tukunyar daga ciki, ɗayan yana gogewa da sakaina. Idan an ɗora zagaye uku ko huɗu sai a dakata ƙasan ya sha iska, in ba haka ba nauyin sama zai durƙusar da shi. Duk inda za a manna mariƙi ko wani ado, a karce ɓangarorin biyu, a shafa yumɓu mai ruwa-ruwa, sannan a haɗa. Lokacin da tukunyar ta yi tauri amma ba ta bushe ba, a goge ta da dutse mai santsi don ta yi sheƙi.

Wanda ke son ƙera siffa, kuma yake guje wa siffar mai rai saboda addini kamar yadda mutane da dama ke yi a nan, yana da abin kwaikwayo a kusa: soro mai zankwaye, ko rumbu, ko Ƙofar Doka. Sharaɗin dai shi ne kada kauri ya wuce santimita 2. Abin da ya fi haka a rarake cikinsa, a bar masa ƙaramar huda a ƙasa.

Bushewa ce ta fi cin haƙuri. Iskar hunturu tana busar da baki kafin gindi, bakin ya tsuke ya tsage, saboda haka a rufe aiki da leda ko ɗanyen tsumma a inuwa, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Da damina kuwa yakan kai mako biyu. A taɓa gindin da kunci. Idan akwai sanyi, da sauran ruwa a ciki, kuma ruwan nan ne ke zama tururi a wuta ya tarwatsa tukunyar tare da na maƙwabtanta. Wannan ya sa a zauren tarayya ba a sa kaya a gashi sai malami ya duba. Kowa ya karce alamarsa a gindin aikinsa, kada a ɗaga kayan wani ta baki, sannan a goge ƙurar yumɓu da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, domin shaƙarta tana cutar da huhu.

Ranar gashi, a fara ɗumama kayan a gefen wuta, sannan a jera su a kife, a lulluɓe da kara da ciyawa da itace a cinna. Magina sukan yayyafa ruwan makuba a kan tukunya tana da zafi don ta yi duhu ta kuma rage yoyo. Idan ta huce a ƙwanƙwasa ta da yatsa: wadda ta gasu takan yi ƙara garau, mai tsagewa kuwa sautinta a dakushe yake fita.