Yadda Ake Auna Littafi Kafin a Bi Shi Zuwa Daji

Akwai matashin da karatu ke shiga ransa har ya ji birni ya ishe shi, ba abin da yake so sai ya saɓi jaka ya nufi inda ba kowa. Wannan sha'awa ba laifi ba ce. Sai dai tsakanin rufe littafi da ɗaura takalmi akwai aiki, kuma labarin Christopher McCandless, ɗan Amurka da ya rasu a dajin Alaska a watan Agusta 1992 yana da shekara 24, ya nuna wane aiki ne.

Fara da binciken yadda marubucin da ya burge ka ya rayu. McCandless ya shaƙu da littattafan Jack London da Henry David Thoreau da Leo Tolstoy. London hunturu ɗaya ya yi a yankin Klondike na Kanada, daga 1897 zuwa 1898, cikin masu neman zinare, ciwon rashin bitamin C mai kumbura dasashi ya kama shi, ya koma Kalifoniya. Thoreau ya zauna a bukka a bakin tafkin Walden daga 1845 zuwa 1847, amma filin na abokinsa Emerson ne, garin Concord kuma bai fi kilomita 3 ba, yana shiga yana fita. Tolstoy mai gandu ne da barori. Duk ukun sun faɗi gaskiya game da kwaɗayin duniya da daɗin kaɗaici, amma babu wanda ya yi kusan wata huɗu shi kaɗai yana ci daga bakin bindiga kamar yadda McCandless ya yi. Idan ka gama wannan bincike, raba littattafanka gida biyu: masu ba ka dalilin tafiya, da masu koya maka zama a wurin da za ka. Kashi na biyu dole ya zama rubutun mutanen yankin ko waɗanda suka daɗe a cikinsa.

Sai lissafin abinci, da biro da takarda. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yana da kalori kusan 3,600. Namiji mai tafiya da kaya cikin sanyi yana ƙona 3,000 zuwa 4,000 a yini. McCandless ya shiga Stampede, wata tsohuwar hanya a dajin Alaska, ranar 28 ga Afrilu 1992 da shinkafa kilo 4.5, wato abincin kwana biyar idan ita kaɗai za a ci. Sauran ya bar wa farauta. Ya kuwa yi ta samun kurege da tsuntsaye da beguwa, amma naman ƙananan dabbobi ba shi da kitse, kuma ƙarfin da ake kashewa wajen nemansa yakan fi abin da yake mayarwa. Ciki yana cika, jiki yana zubewa. Da aka tsinci gawarsa a watan Satumba nauyinta kilo 30 ne. Don haka ka ɗauki cikakken guzurin kwanakin da ka yanke, ka ƙara na kwana uku, ka fifita mai da gyaɗa da busasshen nama. Abin da ka harbo ƙari ne.

Adana nama ma sai an koya da hannu tun a gida. A watan Yuni ya harbe mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa, naman da zai riƙe shi makonni. Ya yi ƙoƙarin banda shi da hayaƙi, ƙuda suka rigaye shi, tsutsa ta cinye. Hanyar da ta dace ita ce a feɗe nan take, a yanka falle-falle kamar yadda masu kilishi ke yi, kaurin bai wuce rabin santimita ba, a shanya a kan sanduna inda iska ke kaɗawa, hayaƙi kaɗan yana korar ƙuda. Ƙaton yanki yana bushewa ta waje ne, cikinsa yana ruɓewa.

Abin da ya fi komai tsada a labarin shi ne kogi. Ya haye Teklanika a Afrilu ruwa bai taso ba. Da ya yi niyyar fita a farkon Yuli, ƙanƙarar duwatsu ta narke, kogin ya cika yana ambaliya, sai ya koma cikin wata tsohuwar bas da aka yasar a dajin, inda yake kwana. Kusan mita 800 daga mahayar akwai igiyar ƙarfe da kwandon da ake ja da hannu, na masu auna ruwa. Bai san da ita ba, domin ba shi da taswira mai nuna tudu da kwari. Kafin ka haye kowane ruwa, tambayi mutanen wurin yadda yake zama a watan da za ka dawo. Kogin da ƙanƙara ke ciyarwa ya fi sauka da sassafe. Nemi inda ya rarrabu ya yi faɗi, kwance ɗamarar jaka don ka iya yar da ita, ka fuskanci inda ruwa ke fitowa da sanda a gabanka. In yana gudu kuma ya wuce cinya, kada ka shiga.

Gwada kanka a hankali: kwana biyu kusa da hanya, sannan mako guda, da kayan da za ka tafi da su. A nan za ka gane ko takalmi na cizo, ko ashana ta jiƙe, ko shirun dare ya fi ƙarfinka.

Ranar tafiya, bar wa mutum ɗaya amintacce takarda mai sunan hanya da inda za ka yi zango da ranar dawowa, da ranar da zai kira masu ceto in bai ji ka ba. Iyalin McCandless ba su san inda yake ba tun 1990, bayan ya gama jami'ar Emory. Ka kuma riƙe na'urar neman agaji ta tauraron ɗan'adam, domin waya ba ta da sabis a irin wannan wuri. Kada ka ɗauka shaharar hanya ta sa ta zama lafiyayya: mutum biyu daga masu zuwa ganin bas ɗin sun nutse a Teklanika, a 2010 da 2019, har hukumomin Alaska suka ɗauke ta da jirgi mai saukar ungulu a watan Yuni 2020.