Gilashin but ya fashe? Ga yadda ake canja shi a Golf, 206, Vibe da ire-irensu

Motocin da nake magana a kansu su ne waɗanda but ɗinsu ke ɗagawa sama gaba ɗaya har da gilashin, wato irin su Golf 2, Golf 3, Peugeot 206 da 307, Starlet, Yaris, Matrix da Vibe. Gilashin bayansu ba irin na gaba bane. Na gaba gilashi biyu ne aka manne da leda a tsakiya shiyasa ko dutse ya same shi sai dai ya tsage ya zauna a wurinsa, shi kuwa na baya gasasshe ne, an ƙona shi a wuta an huce shi da sauri, yana da ƙarfi sosai amma ranar da ya fashe gaba ɗaya yake wargajewa kamar tsakuwa. Babu liƙi babu faci, canji ne kawai. Kuma ba a yanka shi, duk wanda yace maka zai rage maka wani ya shiga motarka kada ka yarda, ana sa masa abin yanka zai tarwatse.

Kafin komai dan Allah kada ka ɗauki kwanaki kana yawo da but ba gilashi. Ba wai don ɓarayi ko ƙura kawai ba, irin wannan motar in tana tafiya iskar bayanta juyowa take, sai ta riƙa jawo hayaƙin salansa cikin mota, kuma gubar dake cikin hayaƙin bata da wari, sai dai kaji ciwon kai da jiri, yara da ke kujerar baya su suka fi shaƙa. In dole sai ka fita toh ka rufe wurin da leda mai kauri ka kama da salatif ta ko'ina, ka sauke gilasan gaba iska ta riƙa shiga.

Sai ka duba wane iri ne naka domin aikin ya kasu uku. Akwai wanda roba ce mai kauri ta riƙe shi ba gam, irin na tsofaffin motoci kamar Golf 2. Akwai wanda aka manne shi da gam a jikin ƙarfe, shine a mafi yawan motocin da aka yi daga shekarun 1990 zuwa yau kuma shine mai wahalar. Sannan akwai wanda gilashin kansa ke buɗewa daban ba sai ka ɗaga but ba, kamar Vibe da Matrix na 2003 zuwa 2008, wannan noti ne ya riƙe shi. In ka ɗaga gefen robar da yatsa kaga ta rungumi gilashi ciki da waje, na farko ne. In kaga baƙin fenti ya zagaye gefen gilashin kuma ya kwanta daidai da jikin mota, na gam ne.

Wajen saye nan mutane suka fi yin asara. Ko Ƙofar Ruwa zaka je a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, kaje da motar in da hali, in ba hali ka ɗauki hoton bayanta da shekararta da lambar chasis. Golf 3 gajera da Golf 3 wagon gilashinsu ba ɗaya bane, haka 206 da doguwarta. Ka duba ko akwai hujin waifa a jikin gilashin ko kuwa ta ƙarfe naka ya fito, ka duba layukan nan ja-ja na hita, masu ɗumama gilashin su kore raɓa, basu kankare ba, ka taɓa ƴan kunnuwan nan biyu da ake soka waya a gefe kaga suna nan daram, don in ɗaya ya ɓalle mayar da shi aiki ne. Wasu motocin eriyar rediyo ma a jikin gilashin take, ka sa wanda babu sai kaji rediyo ta koma shuuu. Sannan ka bi gefensa da yatsa a hankali, in akwai ɗan ɓalli komai ƙanƙantarsa ka barshi, daga nan yake fashewa. Kalar ma ka lura, in naka fari ne kada a tura maka mai duhu ka jawo wa kanka tambayoyin ƴan sanda a hanya. Ni dai na fi son na Beljiyam na asali mai tambarin kamfani a kusurwa akan sabo mara suna, saboda lanƙwasarsa ta fi zama daidai. Kuma ka tambayi kuɗin but ɗin gaba ɗaya da gilashinsa, musamman in naka ya lotse ko ya ci tsatsa, wani lokacin in ka haɗa kuɗin gilashi da gam da na aiki sai kaga gara ka ɗora wani but ɗin kawai a fesa masa fenti.

Kayan aiki ba wasu masu yawa bane, safar hannu mai kauri, tabarau, sifana, sukundireba, wuƙa mai kaifi ko reza mai mariƙi, wayar yanka gam, bindigar matsa gam, salatif na takarda, tsumma mai tsabta da sipirit. Sai mutum ɗaya da zai kama maka, wannan dole ne, mutum ɗaya baya ɗora gilashin nan daidai.

Maganar gam kuwa ita ce ta sa ma na zauna rubuta wannan. Wallahi abin yana damuna in naga an ɗauko silikon ɗin da ake liƙe tagar alminiyam ko bahon wanka an manna gilashin mota da shi. Bashi da ƙarfin riƙe gilashi a ƙofar da kullum ake bugawa ana shiga ramuka da ita, kuma irin mai warin tsamin nan yana cin ƙarfe ya kawo tsatsa a ƙarƙashi inda baka gani, sannan duk inda ya taɓa gam na gaskiya baya kamawa sai an kankare shi tas. Gam ɗin gilashin mota yuretan ne, baƙi ne mai kauri a cikin kwalbar bindiga, kamfanoni irin su Sika suna yi, kuma ka karanta jikinsa ka tabbatar na gilashin mota ne. Ka duba ranar lalacewarsa, in ya wuce ko kaji ya daskare a ciki kada ka karɓa ko da rabin kuɗi ne. Ka haɗa da firamarsa, wani baƙin ruwa ne a ƙaramar kwalba da ake shafawa kafin a sa gam.

Toh aiki. Ka samu inuwa inda ba ƙura, ka cire kan batir, ka shimfiɗa tsohon bargo ko buhu a cikin but da kujerar baya. Ka ɓalle robar cikin but ɗin a hankali don ƴan maɓallanta sun sha rana karyewa suke, ka zare wayoyin hita, ka cire fitilar birki ta sama in a jikin gilashin take, da tiyon ruwan waifa. Hannun waifa akwai ƴar hula a gindinsa, ka ɗaga zakaga noti, yawanci sifana 13 ce, amma kafin ka cire ka ɗauki hoton yadda yake kwance domin ka mayar daidai. In ya ƙi fita ka girgiza shi kaɗan-kaɗan kana ja, banda guduma.

Ragowar gilashin da ya maƙale a gefe ka tura shi da safar hannu ya zube kan bargon. Daga nan ka yanke tsohon gam. In gilashin bai tarwatse ba, misali kankarewa yayi ko hita ta mutu, sai a huda gam ɗin a zura waya, ɗaya a ciki ɗaya a waje kuna ja kuna zagayawa, wayar tana bin jikin gilashi ba jikin fenti ba. Ga inda mutane ke kuskure, basa barin komai sai sun kankare har farin ƙarfe ya fito. A'a. Ka aske tsohon gam ɗin ka bar siririn shafi kamar milimita 1 zuwa 2 a jikin ƙarfen, domin sabon yuretan ya fi kama tsohon yuretan mai lafiya akan komai. Inda kaga ya ɗago da kansa ko akwai tsatsa a ƙasa nan ne zaka kankare, ka goge da sanfefa har tsatsar ta fita ka shafa firama. Duk inda wuƙarka ta karci fenti shima ka ɗiga masa firama, in ka barshi damina ɗaya zata fara cinsa. In tsatsar ta huda ƙarfen kuwa ka tsaya, mai fanel bita ya fara gyarawa tukunna.

Kada ka buɗe gam sai ka gwada gilashin a bushe. Ku ɗora shi ku daidaita, tazarar dama da hagu ta zama ɗaya, in akwai hujin waifa ya hau daidai, sai ka manna salatif guda biyu ko uku daga gilashi zuwa jikin mota ka yanka a tsakiya. Wannan alamar ce zata nuna muku wurin zama lokacin da gam ke jiƙe ba damar gwaje-gwaje. In na Beljiyam ne shima ka aske tsohon gam ɗin jikinsa yayi siriri. Ka goge baƙin gefen da sipirit, ba fetur ba ba kananzir ba, ka shafa firama inda ake buƙata sau ɗaya ta hanya ɗaya, ka bashi mintunan da aka rubuta a kwalbar ya bushe, daga nan kada yatsa ya ƙara taɓa wurin.

Bakin bindigar ka yanka masa tsaga mai siffar V ta yadda gam ɗin zai fito a tsaye mai tsini, tsayinsa wajen santimita ɗaya ko ɗan fiye, ba a kwance mulmulalle ba. Ka fara daga ƙasa a tsakiya ka zagaye ba tsayawa ka dawo ka haɗe bakin sosai, don duk inda layin ya yanke nan ruwa zai bi. Kana gamawa ku ɗauki gilashin ku ɗora, kada a tsaya amsa waya, cikin minti 10 zuwa 15 samansa yake fara yin fata kuma da zafin rana ya fi haka sauri. Ku saita da alamar salatif, ku sauke sau ɗaya, ku danna da tafin hannu a hankali kuna zagayawa. Ba a dukansa kuma ba a matse shi har gam ya tsiyaye duka, kaurin nan da ya rage tsakanin gilashi da ƙarfe shi ke shanye girgizar hanya. Sai ka kama shi da salatif daga sama kada ya zame ƙasa.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, yuretan da danshin iska yake ƙamewa ba da zafin rana ba. Kaga kenan lokacin hunturu da iska ta bushe ƙarƙaf ga sanyin safiya, ya fi jinkiri akan damina. Akwai masu saurin kamawa da ake iya tuƙi bayan awa ɗaya ko biyu, akwai masu buƙatar wuni, abin da aka rubuta a jiki shi zaka bi, amma ni shawarata in hanyar gidanku mai gargada ce motar ta kwana a wurin. Ka bar gilasan ƙofa a ɗan sauke domin in aka buga ƙofa mota a rufe ruf iskar ciki tana tura gilashin ta huda gam ɗin. Kada a ɗaga but a buga, kada a kaita wanki mai injin feshi sai bayan kwana biyu.

Mai roba kuwa igiya ce sirrinsa. Ka sa robar a jikin gilashin tukunna, in ta tsattsage ka nemi wata, sai ka cusa igiya mai ƙarfi irin siririyar ta shanya cikin ramin robar da zai kama ƙarfe, ka zagaye har bakin biyu su haɗu su ɗan wuce juna a ƙasa. Ka shafa ruwan sabulu, banda baƙin mai ko giris don suna kumbura roba. Abokin aikinka ya ɗora daga waje yana dannawa da tafin hannu, kai kana ciki kana jan igiyar a hankali, leɓen robar yana hawa kan ƙarfe, ka ja wannan ɓangaren kaɗan ka koma wancan, a kusurwa ka rage sauri sosai kana ɗan juya igiyar don nan take yaga roba. Na Vibe da Matrix kuma cire hannuwan da ke ɗaga shi zakayi ka kwance notin hinjis da na makulli ka mayar a sabon, abin lura kawai ƴan robobin da ke tsakanin ƙarfe da gilashi su koma wurinsu, kuma kada ka ɗaure noti da ƙarfin tsiya, ƙarfe ya taɓa gilashi kai tsaye fashewa zaiyi.

Kafin ka mayar da robar ciki ka share cikin ƙofar but ɗin kanta, domin ɓarɓashin gilashi yana zuba ciki ya toshe ƙananan hujojin fitar ruwa na ƙasa ya shiga makulli, shine zakaji tana ƙarar kacau-kacau duk sanda aka ɗaga. Masu wankin mota suna da injin zuƙa, a zuƙe nan da wurin safaya taya da lungun kujera da inda bel ke naɗewa, saboda yara. Ka mayar da wayoyi da waifa da fitilar birki, ka ɗaura batir, ka tada mota ka kunna hita, bayan ƴan mintuna ka hura wa gilashin numfashi daga ciki zakaga wurin layukan ya fara washewa. In gam ya gama ƙamewa mutum ɗaya ya shiga ciki da tocila, ɗayan ya riƙa zuba ruwa da buta ko tiyo daga sama a hankali ba da feshi ba. In an ga ɗigo a yi wa wurin alama, a bari ya bushe a cika shi da yuretan ɗin dai daga ciki, in kuma wuri mai tsawo ne ke yoyo toh gilashin bai zauna ba, sai an yanke an sake ɗorawa.