Yadda Gandiroba Zai Bi Haƙƙinsa Tunda Doka Ta Hana Shi Yajin Aiki

Idan albashi ya zo da giɓi, ko kuɗin ƙarin girma ya shekara bai fito ba, maganar da ake fara ji a bariki ita ce a ajiye makulli kowa ya koma gida. Fushin yana da dalili. Mutumin da ya kwana a tsaye a bakin ƙofa cikin sanyin Jos na watan Disamba, ba rigar sanyi ta kirki, fitilar hannunsa ma shi ya sayi batirinta, ba za a ce masa ya yi shiru ba. Amma gandiroba ba kamar malamin jami'a ko likita yake ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ya hana ma'aikatan gidan yari kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta, kamar yadda ya hana soja da ɗan sanda da jami'in kwastam da na shige da fice. Sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa Hukumar Gyaran Hali a 2019 bai ɗage wannan hanin ba. Wanda ya bar bakin aikinsa, a takarda ba za a rubuta ya yi yajin aiki ba, za a rubuta ya gudu daga aiki ba izini, kuma wannan babban laifi ne da kan kai ga kora.

Ba a Najeriya kaɗai ba ne. A watan Fabrairun 2025 gandirobobin jihar New York ta Amurka sun tsunduma yajin aikin da doka ba ta yarda da shi ba, saboda ƙarancin ma'aikata da doguwar tsayuwa a bakin aiki. Bayan mako uku aka sallami fiye da mutum 2,000. To, idan wannan ƙofar a rufe take, sai a san waɗanda ke buɗe, a kuma san yadda ake ƙwanƙwasa su.

Fara da lissafi kafin ka fara ƙorafi

Mafi yawan koke-koke suna mutuwa ne tun a teburin farko, saboda mai su bai faɗi adadi ba. "Ana cin kuɗina" ba magana ce da akawu zai iya aiki da ita ba. Ka tara takardun biyan albashinka na IPPIS, wato tsarin da gwamnatin tarayya ke biyan albashi da shi, na aƙalla wata 12, ka je banki a buga maka bayanin asusunka na waɗannan watannin, ka ajiye su gefe da gefe. Sai ka nemo takardar ɗaukarka aiki, da ta tabbatar da kai, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da ta canjin wurin aiki idan akwai.

A takardar ƙarin girma akwai ranakun da mutane ke rikitawa: ranar da aka rubuta ta daban, ranar da girman ya fara aiki daban, wani lokacin ma ranar da kuɗin zai fara daban. Bashinka daga ranar kuɗin yake farawa. A ɗauka bambancin tsohon matakinka da sabon a jadawalin CONPASS, wato jadawalin albashin ma'aikatan kaki irin su gandirobobi, naira 18,000 ne a wata, kuma an yi wata 14 ana biyanka a tsohon mataki. Abin da kake bi naira 252,000 ne kafin a cire haraji da fansho. Haka za ka rubuta shi, wata bayan wata, a shafi ɗaya. Ka kuma lura cewa an yi wa CONPASS ƙarin kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari daga 1 ga Janairun 2024, saboda haka wanda bashinsa ya ratsa wannan ranar da jadawali biyu zai yi lissafi.

Wani giɓin kuma ba daga sama yake ba. Ka duba layin cire-cire da kyau: bashin ƙungiyar adashen ma'aikata, rancen bankin da ka gama biya amma ba a dakatar da cirewa ba, kuɗin asusun gidaje. Sau da yawa a nan ɓarakar take, kuma takarda ɗaya daga wanda ya ba da rancen ta isa a tsayar da ita.

Takardar koke da hanyar da take bi

Ka rubuta wa Kwanturola Janar, shugaban hukumar na ƙasa, amma ta hannun shugaban gidan da kake aiki, sannan ta hannun Kwanturolan jiha. Mai aiki a Jos takardarsa za ta bi ta hedikwatar jihar Filato, mai aiki a Kuje ta bi ta ofishin Babban Birnin Tarayya, kafin ta isa babbar hedikwata da ke kan hanyar filin jirgin sama a Abuja. Tsallake waɗannan matakan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Takardar da ta yi tsalle ana dawo da ita, wani lokaci tare da takardar tuhuma a kan rashin bin tsari, sai ka ga mai neman haƙƙi ya koma mai kare kansa.

Shafi ɗaya ya isa. Sunanka, lambar aikinka, lambar IPPIS, muƙami da mataki, wurin aiki. Sakin layi na farko ya faɗi abin da ya faru da ranarsa, na biyu ya faɗi adadin, na uku ya faɗi abin da kake roƙo a yi. Kada ka zagi kowa, kada ka ce wane ya ci kuɗinka sai da hujja a hannu, kada kuma ka haɗa matsala uku a takarda ɗaya, domin albashi da fansho da gidan kwana ba teburi ɗaya suke zuwa ba.

Ka yi kwafi uku. Idan ka miƙa, ka tsaya har magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin, ya sa hannu. Wannan ɗan hatimin shi ne dukiyarka; ranar da aka ce ba a ga takardarka ba, shi zai yi magana. Asalin takardunka kuwa kada su bar hannunka. Bayan wata ɗaya ba amsa, ka rubuta tunatarwa, ka ambaci ranar ta farko, ka maƙala kwafinta.

Idan matsalar ta shafi mutane da yawa, kada a yi takarda ɗaya mai sa hannun mutum arba'in, kada kuma a buɗe zauren WhatsApp ana kiran a ƙaurace wa aiki. A aikin kaki ana iya fassara wannan a matsayin haɗa kai don bijire wa umarni, kuma wanda sunansa ya zo a farko shi zai ɗauki dukan. Gara kowa ya rubuta tasa da lissafinsa, a miƙa cikin mako guda. Fayil arba'in a kan magana ɗaya sun fi takarda ɗaya nauyi. Shi kansa sashe na 11 bai hana kafa kwamitin tuntuɓa tsakanin shugabanni da ma'aikata ba, saboda haka neman a zauna a irin wannan kwamitin, ko a tada maganar a taron da Kwanturola ke yi da ma'aikata, ba laifi ba ne.

Yanayin aiki

Nan ne rai yake, ba kuɗi kaɗai ba. Ranar 28 ga Nuwamban 2021 'yan bindiga suka afka wa gidan gyaran hali na Jos, fursunoni 262 suka tsere, jami'i ya rasa ransa. Ranar 5 ga Yulin 2022 aka fasa na Kuje, sama da 800 suka fita. A Afrilun 2024 ruwan sama ne kawai ya rushe katangar na Suleja, fiye da 100 suka gudu. Bayan kowane irin wannan, kwamitin bincike littattafan gidan yake fara buɗewa, ya ga wa ke bakin aiki, me kuma ya rubuta.

Don haka duk abin da ka gani ka sa shi a littafin aiki kafin ka miƙa makulli: katanga ta tsage a kusurwa kaza, fitilar hasumiya ta mutu tun ranar kaza, kwaɗon ɗaki na kaza ba ya kamawa, mutum biyu ne suka kwana a wurin da aka saba sa biyar, an ƙirga mutum kaza a ɗakin da aka gina don kaza. Ka sa lokaci, ka sa hannu. Idan an kwana biyu ba gyara, ka bi shi da gajeren rahoto ga shugaban gida. Faɗa da baki a wurin fareti ba ya barin sawu. Amma kada ka ɗauki hoton cikin gidan ka watsa a Facebook. Idan ka yi haka ka karya dokar sirrin gwamnati, kuma ka nuna wa masu shirin fasa gidan inda katangar ta yi rauni, alhali abokan aikinka ne ke kwana a bayanta.

Cunkoso kuwa doka ta ba da makami a kansa, sai dai ba a cika ɗaukarsa ba. Sashe na 12 na dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ya ce idan gida ya wuce adadin da aka gina shi don ɗauka, Kwanturolan jiha ya sanar da Babban Alƙalin jiha da Antoni Janar da sauran masu ruwa da tsaki cikin mako ɗaya, su kuma su ɗauki mataki cikin wata uku. Ya kuma ba shi ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gidan ya cika. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne, saboda haka jerin sunayen waɗanda suka daɗe ba a kai su kotu ba, da ranar da aka kawo kowannensu, shi ne abin da zai sa ziyarar Babban Alƙali ta rage mutane da gaske. Ma'aikacin ofishin rajista da ya tsara wannan jerin da kyau ya sauƙaƙa wa masu kwanan dare fiye da yadda ya sani.

Wanda ya ji rauni a bakin aiki, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba shi kwana 14 ya sanar da hukumar da yake wa aiki, kuma a shigar da neman diyya a NSITF, asusun da ke biyan diyyar ma'aikata, cikin shekara ɗaya. A ajiye katin asibiti da rasit. A fansho, kashi 8 ake cira daga albashinka, gwamnati ta ƙara kashi 10. Ka nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka duk wata uku, watan da ka ga kuɗin bai shiga ba, ka rubuta musu, idan ba su warware ba sai PenCom, hukumar fansho ta ƙasa. Akwai kuma inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Mu dai roƙonmu, kowa ya je ya sabunta sunan magajinsa a fayil. Iyalai da yawa sun sha wahala saboda sunan mahaifin da ya riga ya rasu ne har yanzu a takarda.

Idan cikin gida ya gagara

Mataki na gaba shi ne hukumar CDCFIB da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, wadda ke kula da ɗaukar gandirobobi aiki da ƙarin girma da ladabtarwa. Bayanta akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, mai ofishi a Jos da Abuja. Ba a biyan ko sisi, amma tana so ta ga ka gama bin hanyoyin cikin gida, kuma kada maganar ta wuce wata 12. Ana iya kai koke Majalisar Tarayya ta hannun ɗan majalisar mazaɓarka. Ƙarshe ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana zama a Abuja, tana da reshe a Jos. Wanda aka kora ko aka rage wa girma ya ga lauya a makon da ya karɓi takardar, domin akwai dokar da ta sa wa'adin wata uku na kai jami'in gwamnati ƙara, kuma lauyoyin gwamnati da ita suke fara kare kansu. Idan kuma takardar tuhuma ta biyo bayan kokenka, ka amsa ta cikin wa'adin da aka rubuta a jikinta, a kan abin da aka tambaye ka kaɗai, ka maƙala kwafin nan mai hatimi.